Injin ofset marar ruwa mai zana farantinsa da kansa: yadda muka same shi a Birnin Kebbi

Injin da zan yi bayani a kansa shi ne Presstek 34DI, na hannu, wanda muke aiki da shi a wata ƙaramar maɗaba'a a Birnin Kebbi. Na ga ya dace in rubuta abin da muka gani ne saboda yawan abokan sana'a daga Jega, Argungu da Yawuri da ke tambaya ko su ma su nemi irinsa. Ra'ayina shi ne, a cikin injina masu wannan girma ban ga wanda ya kai shi fitar da hoto mai launi huɗu da tsabta ba, amma duk wanda ya saye shi a wannan yanki ya ɗora wa kansa nauyin ɗaki mai sanyi, da wuta tsayayya, da hanyar samun faranti (abin da ake zana aikin a kansa kafin a buga) da tawada waɗanda ake biya da dala, kuma duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya yanke, aiki ya tsaya ke nan.

Da farko ya kamata mai saye ya san cewa abin da akasarin masu shaguna a Nijeriya ke kira DI, wato injinan Konica Minolta da makamantansu masu amfani da garin tawada da ake kira tona, daban yake da wannan. Wannan cikakken injin ofset ne mai tawada, da rola, da bargon roba, da faranti, sai dai ya bambanta da Kord ko GTO, injinan ofset na gargajiya da muka saba da su, ta fuska biyu: ba ya amfani da ruwa ko kaɗan wajen bugu, sannan ba a fita waje neman faranti, domin hasken leza ne ke zana aikin a kan farantin yana ɗaure a jikin injin. Kamfanin Toray na Japan ya fito da nasa farantin da ba ya buƙatar ruwa a shekarar 1977, sai Heidelberg na Jamus da Presstek na Amurka suka haɗa hannu suka fitar da GTO-DI a 1991, daga baya Quickmaster DI 46-4 ya biyo a 1995, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya kafin Heidelberg ta daina ƙera shi a tsakiyar shekarun 2000. Gangar jikin 34DI kuwa aikin kamfanin Ryobi ne, shi ya sa za a ga inji iri ɗaya ana sayar da shi da sunan Ryobi 3404DI, kuma a 2018 harkar Presstek ta koma hannun kamfanin Mark Andy. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin kusan duk wanda za a tallata masa a yau tsoho ne, ya yi shekaru yana aiki a Turai ko Amurka.

A injin da muka saba da shi, ruwa ne ke kwanciya a wuraren da ba a son tawada ta hau, kuma rabin gwanintar mai sarrafa inji tana ƙarewa ne wajen daidaita ruwa da tawada. A nan kuwa farantin wata leda ce mai ƙarfi wadda aka shafe samanta da silikon, shi kuma silikon ba ya karɓar tawada. Idan an turo aiki daga kwamfuta, sai leza ta ƙone silikon ɗin a wuraren da hoto zai fito, injin ya goge ƙurar da ta tashi, tawada ta kama wuraren da aka buɗe kawai. Farantan suna zuwa ne a naɗe, kowane naɗi yana ɗauke da 28, ana saka shi a cikin gangar faranti, kuma da an gama aiki injin da kansa yake janyo sabo ya naɗe tsohon a ɗaya gefen. Da yake ana zana launukan nan huɗu a lokaci ɗaya, kowanne a mazauninsa, ba a shan wahalar dace launi da launi, wadda ita ce ke cinye takarda da lokaci a injin mai launi ɗaya idan ana bin aiki sau huɗu. Kwamfutar ma ita ke lissafa yawan tawadar da kowane sashe ke bukata tun kafin a fara. Daga turo aiki zuwa fitowar takarda mai kyau, abin da ake ɗauka bai cika wuce minti 15 ba idan komai yana daidai.

Wanda ya daɗe yana sana'ar nan a Kebbi shi zai fi gane darajar wannan. Mun saba a tura aiki Kano ko Kaduna ko Sakkwato a fitar da faranti, a ba direba a tasha, a zauna ana kiran waya, in ya iso kuma a tarar da harafi ɗaya ya faɗi a sunan ango ko a muƙamin babban baƙo, sai a sake lale. Yanzu idan aka ga kuskure a takardar farko, a nan take ake gyarawa a sake zanawa. Asarar faranti huɗu ce, ba ta kwana biyu ba.

Ta fuskar kyawun bugu, ba ni da abin cewa sai yabo. Injin yana zana ɗigo 2,540 a kowane inci, kuma da yake babu ruwan da zai tsinka tawada ko ya jiƙa takarda ta miƙe, ɗigon yana fitowa yadda aka zana shi, launi ya tsaya daram daga takardar farko zuwa ta dubu uku. Inda na fi ganin bambanci shi ne hoton fuska da na tufafi: aikin zare a wuyan babbar riga, da ninkin rawani, da inuwar da ke ƙarƙashin mayafi, duk suna fitowa a rarrabe maimakon su dunƙule su zama baƙi. Kalandar biki, katin gayyata, bangon littafin taron yaye ɗalibai, takardun tallan makarantu masu zaman kansu, da tambarin da ƙananan masu sarrafa shinkafa ke liƙawa a ledarsu, waɗannan su ne ayyukan da ya fi dacewa da su. Yana bugun takarda har 7,000 a awa, ko da yake mu ba ma kai shi can, saboda takarda mai kauri ta fi tafiya lafiya idan an sassauta.

Sai dai girmansa yana da iyaka, kuma iyakar tana da ciwo a kasuwarmu. Takarda mafi girma da yake ɗauka ita ce milimita 340 da 460, wato ɗan sama da A3. Fastar siyasa da ake liƙawa a bango da shataletale, wadda ita ce ke raya maɗaba'u da yawa a lokacin zaɓe, galibi A2 ce ko fiye, don haka ba za ta shiga ba. Akwai yayansa 52DI mai ɗaukar 520 da 375, amma shi ma bai kai A2 ba. Duk wanda ke lissafin cewa kakar kamfe ce za ta biya masa kuɗin wannan inji, to ya sake lissafi. Haka kuma launi huɗu kawai yake da su. Idan wata hukuma ta nace sai an yi mata wani kore na musamman a tambarinta, ko dai a haɗa shi daga launukan huɗu, ko a wanke sashe ɗaya a zuba masa tawadar, wanda ɓata lokaci ne babba.

Babban abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne zafi. Ruwan da ke cikin injin gargajiya, ban da hana tawada hawa inda ba a so, yana sanyaya faranti da rola yayin da yake ƙafewa. Da aka cire ruwan, sai aka cire wannan sanyin, alhali rola suna gogayya da juna suna ɗumama. Silikon yana iya ture tawada ne muddin tana da kauri da danƙo. Da zarar ta yi zafi ta saki, sai ta fara kama wuraren da ya kamata su kasance fari, takarda ta fito da dusu-dusu kamar an yayyafa mata toka. Wannan ne ya sa injin yake zuwa da na'urar sanyaya ruwa, wadda ke zagaya ruwan sanyi ta cikin wasu rola domin tawadar ta tsaya a ma'aunin da masu yin ta suka kayyade. To amma an ƙera wannan na'ura ne da zaton cewa ɗakin da kansa yana da sanyi, wajen digiri 22 zuwa 25. A Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ba silin ya fi waje zafi. A irin wannan ɗaki na'urar za ta yi ta aiki ba hutawa, amma duk da haka bugu zai lalace da hantsi. Mu sai da muka keɓe wa injin ɗaki na kansa, da silin mai kauri, da ƙofa biyu, da na'urorin sanyaya ɗaki waɗanda ake kunnawa tun kafin a taɓa injin, sannan a watannin bazara muka mayar da manyan ayyuka zuwa bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i. Ita kanta na'urar sanyaya ruwan, ya fi kyau a ajiye ta inda iskar zafin da take fitarwa ba za ta dawo cikin ɗakin ba.

Sanyin ma idan ya yi yawa yana da nasa lahani, abin da mutane ba su cika tsammani ba. Da asubahin hunturu tawada kan daskare ta ƙi bin rola, sai wurare masu cikakken launi su fito da tabo-tabo, ko ta riƙa tsinke fuskar takarda. Maganinsa shi ne a bar injin ya yi ta juyawa ba takarda na ɗan lokaci har tawadar ta saki, a kuma ɗan ɗaga ma'aunin na'urar sanyayawa. Mai sarrafa injinmu, wanda ya yi shekaru a kan Kord kafin ya zo nan, ya kan ce a da ido yake zuba wa ruwa, yanzu kuma ma'aunin zafi yake gadi, kuma gaskiya ya faɗa.

Hunturu yana kawo wasu matsaloli biyu. Ta farko ƙura ce. Fuskar silikon tana da laushi, ƙwayar yashi ɗaya da ta biyo takarda za ta iya karce faranti, kuma duk inda ya karce tawada za ta kama, ta fito a matsayin siririn layi a kowace takarda har ƙarshen aiki. Ƙurar tana kuma kwanciya a kan gilashin leza ta rage masa ƙarfi. Saboda haka ba a yankan takarda a ɗakin injin, ba a shara da tsintsiya sai da jiƙaƙƙen tsumma, ba a shiga da takalmin waje, kuma baƙon da ya zo duba aikinsa, ko da Alhaji ne mai babban oda, ta gilashi yake leƙawa a kawo masa samfuri waje. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin girman kai da farko, amma da aka yi musu bayani cikin ladabi sun fahimta. Ta biyu ita ce bushewar iska, wadda ke sa takardu su manne da juna, injin ya riƙa ɗaukar biyu-biyu ko su ƙi jeruwa a wurin saukarsu, kuma wannan ya fi tsanani a injin da babu ruwa a cikinsa. Ana rage shi da na'urar da ke saka danshi a ɗaki, da kuma barin takarda ta kwana a ɗakin cikin ledarta kafin a buɗe. Da damina kuma akasin haka ake gani, gefen takarda ya sha danshi ya yi lanƙwasa.

Maganar wuta ba sai an tsawaita ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da ya bambanta a nan shi ne, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zana faranti, farantan nan huɗu sun tashi a banza, kuma allunan lantarki da kawunan leza ba sa jure hawa da saukar wuta yadda tsohon Kord yake jurewa. Inji ne mai bukatar wuta mai layi uku, da sitabilaiza babba, da waya ta ƙasa da aka binne yadda ya kamata, da batirin ajiya ga kwamfuta. Mu a kan janareto muke bugawa ko da akwai wutar gari, kuma a lissafin girman janareton dole a haɗa da na'urar sanyaya ruwa, da kwamfiresa, da na'urar busar da tawada, da masu sanyaya ɗaki. Kuɗin man dizal ya zama wani ɓangare na farashin kowane aiki, kuma wanda bai saka shi a lissafi ba zai ga yana aiki dare da rana amma aljihu babu komai.

Game da saye, shawarata ita ce kada a biya kuɗi a kan hoto ko bidiyo. A sa wanda ya san injin ya je ya gan shi yana aiki, a tura masa fayil ɗin gwaji mai ɗauke da cikakken shafi na kowane launi da kuma shafi mai launi mai haske, domin idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin leza ya mutu ko ya raunana, a nan zai bayyana a matsayin layi mai bin tsawon takarda, kuma canza kan leza yana cikin gyare-gyare mafi tsada. A duba adadin takardun da injin ya buga, a duba gangar da ke matse takarda ko ta taɓa haɗiye ƙusa ko sufana. A tabbatar kwamfutar da ke rarraba launi tana tare da shi, da ɗan makullin lasisinta da ake cusawa a jikinta, da faifan manhajar, domin tsofaffin manhajoji ne masu tafiya a kan tsohuwar Windows, kuma in babu su injin tarin ƙarfe ne kawai. Dillalin da muka bi ta hannunsa bai haɗo mana da littattafan gyara ba sai da aka yi ta kai ruwa rana, don haka a rubuta su cikin yarjejeniya tun farko. A kuma tambayi daga ƙasar da ya fito, saboda wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuma sau 50, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya fito daga Turai ya fi sauƙin haɗawa. Nauyinsa ya haura tan 4, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Legas zai biyo ta Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko da Jega kafin ya iso, hanyar da ramukanta ba sa tausaya wa kayan leza. A ɗaure shi a kan katako mai ƙarfi, a yi masa inshora, a kuma zuba masa daɓen siminti mai kauri wanda aka daidaita kafin ya sauka.

Abin da ya fi damuna game da wannan inji, fiye da zafi da ƙura, shi ne faranti. Farantin Kord ko GTO ana samunsa a kasuwa daga kamfanoni da yawa, amma naɗin farantin wannan inji an yi shi ne musamman dominsa, hanyar samunsa ƙunci gare ta, kuma daga waje yake zuwa. Tawadar ma ta musamman ce. Tawadar ofset ta yau da kullum ba ta aiki a kansa, in an zuba ta za ta shafe takarda gaba ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin waɗannan kaya ya tashi yadda abokan ciniki ba su yarda farashin aiki ya tashi ba. Ga shi kuma farantin da aka yi amfani da shi ba ya ajiyuwa: idan makaranta ta dawo bayan wata guda tana son ƙarin kwafi 200 na aikin da aka yi mata, sai an ƙona sabbi huɗu. Don haka muke ba mutane shawara su ƙara adadi tun a karon farko, kuma muke tara ƙananan ayyuka kamar katunan gayyata da na kasuwanci a jera su a shafi ɗaya. Kafin mutum ya sayi injin, ya fara samun wanda zai riƙa kawo masa faranti da tawada, ya ji farashi da tsawon lokacin isowa a rubuce, ya kuma tanadi jarin ajiye kayan da za su kai watanni a ɗaki mai sanyi.

Kula da shi ba wuya gare ta ba, sai dai tana son naci. Kullum ana wanke bargon roba da rola, kuma a nan dole a yi watsi da al'adar wanki da kananzir ko fetur, domin suna busar da roba, suna kuma lalata silikon; akwai ruwan wankin da aka yi domin wannan tsari. Ana duba ƙyallen da ke goge faranti bayan zane, ana zubar da ruwan da ya taru a kwamfiresa, ana share matatar iskar na'urar sanyayawa, wadda a hunturu takan toshe cikin 'yan kwanaki. Ruwan da ake zuba mata tataccen ruwa ne da maganin hana tsatsa, ba na burtsatse ba, saboda gishirin da ke cikinsa yana toshe bututun rola a hankali ba tare da an lura ba. Lokaci-lokaci ana auna yadda rola ke taɓa juna da yadda suke taɓa faranti, ana saka gilis inda littafi ya nuna, ana goge gilashin leza da abin da aka tanada dominsa kawai. Hodar da ake fesawa don kada takardu su manne ita ma a rage ta iya yadda za a iya, domin ƙura ce da muke ƙirƙira da hannunmu a cikin ɗakin.

Ta fuskar riba, injin yana da gurbin da ya fi ƙarfi a cikinsa, wato aiki mai launi daga kwafi 500 zuwa 'yan dubbai, kuma farantinsa an yi shi ne ya kai wajen bugu 20,000. Ƙasa da kwafi 200 ko 300, injin tona ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke iya canza suna ko lamba a kowace takarda, abin da wannan ba ya yi. Idan kuma aiki ya yi yawa sosai, kamar littattafan makaranta ko takardun jarrabawa, injin gargajiya da farantin ƙarfe mai araha ya fi dacewa, musamman da yake a duk mintocin da leza ke zane wannan injin a tsaye yake ba ya buga komai. Maɗaba'ar da ke da abokan ciniki tsayayyu a manyan makarantu, ma'aikatu, bankuna da masu shirya bukukuwa, wadda ke samun ayyuka masu launi da dama a kowace rana, ita ce za ta ci moriyarsa. Wadda ke jiran aiki ɗaya ko biyu a mako kuwa, kuɗin sanyaya ɗaki kaɗai zai cinye ta, kuma tawadar da aka bari a rola kwana da kwanaki ba ta yi wa injin daɗi.

Saura maganar mai gyara. Makanikan da suka iya Kord da GTO suna nan a Kano da Kaduna, kuma za su iya taimakawa a ɓangaren ƙarfe, da abin ɗaukar takarda, da rola. Ɓangaren leza da allunan lantarki kuwa sai an kira mutum daga Legas, a biya masa kuɗin hanya da masauki, wani lokacin ma ya iso ya gano cewa sai an yi odar kayan daga waje. Shi ya sa nake ganin a saka cikin cinikin cewa wanda zai haɗa injin zai zauna ya koyar da mutum biyu, ba ɗaya ba, har su iya daidaita launi, da canza naɗin faranti, da karanta lambobin matsala da ke fitowa a allo, sannan a sayi ƙananan kayan da suka fi saurin lalacewa, irin su robobin tsotsar takarda, da bel, da fis, da bargon roba na ajiya, su zo cikin kwantena ɗaya da injin.